Fom Ɗari Biyu da Arba'in

Litinin, 11:20 na safe

Malam ya riƙe furojek ɗina. Na kowa ya dawo da jan biro a jiki, nawa bai dawo ba. Sakatariyar sashe ta ce in kawo fom ɗin ranar Laraba, na takarda, ba abin da ke cikin kwamfuta ba. Na ce duka? Ta ce duka ɗari biyu da arba'in ɗin. Ko kai ba ta ɗago daga abin da take bugawa ba.

Shekara huɗu ina karanta ƙididdiga. Saura sati biyar a kafe sakamako. Bincikena a kan mata 'yan kasuwa ne: shekarunsu, nisan gida da rumfa, minti nawa suke ci a hanya. Kasuwa shida, mace arba'in a kowace. Haka aka rubuta a babi na uku.

Na fito na zauna a dakalin gaban laburare. Na jira in ji gabana ya faɗi, bai faɗi ba. Na ƙirga masu wucewa har sittin da ɗaya, sai na tashi.

Litinin, 5:10 na yamma

Kwalin yana ɗakin Mama. Ni na ajiye shi can, don na san ba mai shiga. Na buɗe ƙofa, na ja shi da ƙafa, na rufe. Ban kalli gado ba.

Na jera su a tsakar falo, kasuwa-kasuwa. Biro shuɗi, biro baƙi, wasu da fensir. Wasu na lanƙwasa musu kunne, wasu na bar su suka sha rana a taga har suka yi ja. Na yi aiki, wannan kam ba wanda zai ce ban yi aiki ba.

Talata, 8:00 na safe

Na dafa shayi kofi biyu. Na zubar da ɗaya.

Laraba, 1:45 na rana

Na kai kwalin. Sakatariya ta nuna min kusurwa da biro, na ajiye.

Rediyo ta tare ni a matakala. Tun ajin farko muke tare, kuma tun ranar ba a taɓa kashe ta ba, shi ya sa sunan ya bi ta. Ta ja ni kantin makaranta ta saya mana burodi da ƙwai, ta hau lissafa min inda za ta nemi aiki: banki biyu, wani kamfanin inshora, kamfanin waya, hukumar ƙidaya idan sun buɗe ɗauka. Ta ce kawunta har yanzu yana tambayarta, to ke in kin gama mutane za ki riƙa ƙirgawa ko shanu? Ta ce masa duk wanda ya biya.

"Ke kam kin huta," ta ce. "Aiki na jiranki kafin ki cire rigar digiri. Mu da muka ci jarrabawa da addu'ar iyaye mu ne za mu sha yawo da fayil a hammata."

Na ce uhm.

"Me Ja-Biro yake so da kwalinki?" Sunan Malam ke nan a bayan idonsa.

Na ce ban sani ba.

"Ƙila so yake ya nuna wa 'yan aji uku yadda ake aiki. Ai ke ce 'yar gaban goshinsa."

Na cinye burodin duka. Ban ji ɗanɗanonsa ba, amma na cinye, don kada ta tambaya.

Alhamis, 10:30 na safe

Matar kamfanin ta kira. Kamfanin binciken ra'ayin jama'a da na yi wa aikin hutu bara. Ta ce kujerata na nan, da zarar takardar sakamako ta fito in kawo. Ta sake yi min bayanin aikin, kamar ban sani ba.

Suna tura ma'aikata unguwanni da fom. Wasu, in rana ta yi zafi, sai su sami inuwa su zauna su cike duka da kansu. A kamfanin ana ce da shi cikon ƙarƙashin bishiya. Aikina shi ne in zauna a ofis in kama masu yi. Bara cikin wata biyu na kama uku. Ɗaya dattijo ne, ya tsaya a bakin tebur ɗina yana murza hularsa. Na tuna na ji daɗi a ranar, har na ba Mama labari tana dariya tana cewa wannan yarinya ba ki da tausayi.

Matar ta ce, "Idonki muke so. Irinki ba su da yawa."

Na ce na gode, Anti.

Asabar, 4:00 na yamma

Baba ya dawo daga hanya. Tun daga kan kwana na ji ƙarar motar, ya ajiye ta a fili ya shigo da warin man dizal da leda biyu. Sati biyu yana tafiya, kwana uku yana gida. Haka yake tun ina ƙarama, haka ya yi a wancan lokacin ma.

Ya zauna a kujerarsa. Na kawo ruwa. Ya tambayi makaranta, na ce lafiya. Ya tambayi Yaya da jaririnta, na ce ta kira jiya, suna lafiya. Shi ke nan muka ƙare.

Can maƙwabcinmu mai gyaran firiji ya leƙo gaisuwa. Baba ya ware, murya ta dawo. "Ka ga wannan? Lissafin da take karantawa ya fi ƙarfin lissafi. Mu muna ƙirga abin da ke gabanmu, ita tana ƙirga abin da bai zo ba tukuna. Tun ba ta gama ba kamfani ya kama mata kujera." Mai firiji ya ce ma sha Allah, a riƙa tunawa da mu.

Baba ya ce ya nemi hutun ranar bikin yaye mu tun yanzu, ya gaya wa mai motar ko kaya za su ruɓe shi ba ya hanya a ranar.

Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Lahadi, 2:15 na rana

Ba komai.

Litinin, 7:30 na safe

Baba ya wuce ta ƙofar ɗakin Mama sau huɗu yau da safe. Duk lokacin sai ya juya kai wajen bango.

Talata, 3:40 na yamma

Zan rubuta yadda ya kasance, bi da bi.

Malam ya ce in rufe ƙofa. Kwalin na kan teburinsa, ya ɗaure kowace kasuwa da roba. Fankar ofishin na yin wannan ƙarar tata. Ya miƙo min takarda guda, layi goma ne a jiki.

"Lambar ƙarshe ta shekarun matanki," ya ce. "Sifili zuwa tara. Karanta min."

Na karanta. Ashirin da huɗu, ashirin da uku, ashirin da biyar, ashirin da huɗu. Haka har ƙasa.

"Kin taɓa tambayar mace a kasuwa shekarunta?"

Na mayar da ido kan takardar.

"Cewa za ta yi talatin. Ko arba'in. In ta ga dama ta ce talatin da biyar. Shekara ashirin ina wannan aiki, kusan rabin mutane a kan sifili da biyar suke tsayawa. Ni na koya muku wannan a aji biyu, kuma ke kika fi kowa maki. Naki matan kowace ta san ranar haihuwarta." Ya juya shafi. "Minti nawa zuwa kasuwa: talatin da bakwai. Arba'in da biyu. Goma sha tara. Agogon tsere suke ɗaurawa? Kuma ba wadda ta tsallake tambaya ko ɗaya. Ba wadda mai saye ya katse ta. Ba wadda ta ce ke ina ruwanki."

Na kalli fankar.

"Da malalaci ne ya yi, da ya wuce ni. Malalaci talatin da arba'in zai yi ta zubawa, daidai da yadda mutane ke faɗa. Ke kin san yadda lamba ya kamata ta watsu, shi ya kama ki."

Bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga.

Sai ya zaro fom ɗaya daga aljihun tebur, ba ya cikin roba. Na gane shi tun kafin ya ajiye. Lamba ɗaya. Rubutun ya karkace don a kan gwiwa na yi shi.

"Ban da wannan," ya ce. "Shekara hamsin cif. Tana sayar da robobi da bokitai. Minti nawa zuwa kasuwa, an rubuta a gefe: ya danganta da wadda na haɗu da ita a hanya. Daga tambaya ta goma sha bakwai babu komai. Wannan matar ta gaske ce. Ita kaɗai na ji muryarta a kwalin nan. Ina take?"

Na ce ba ta nan.

"Ta yi tafiya?"

Na ce e.

Ya ce dole ya kai wa kwamitin ladabtarwa, ba shi da ikon rufewa. Za su zauna Alhamis ta sama. Zuwa Litinin in kawo bayani a rubuce. In na amsa da kaina, zai tsaya min iya ƙarfinsa. In na musa, zai kawo takardar nan mai layi goma, kuma abin da ke biyo baya kora ce.

Na ce zan iya tafiya da fom mai lamba ɗaya? Ya ce a'a, shaida ce.

Laraba, 9:00 na safe

Shekarun nata hamsin da uku ne. Na gaya mata a lokacin. Ta ce rubuta hamsin, ukun ki riƙe.

Laraba, 2:30 na rana

Na gaya wa Rediyo. Karo na farko da na ga bakinta ya mutu. Bai fi minti ɗaya ba.

"Ki ce kin ɗauki wani ya taya ki. Kowa na yi. Ki ce kin ba shi fom ya je kasuwa, ya cuce ki, yanzu wayarsa a kashe. Laifinki ya zama sakaci, ba wancan ba. Gargaɗi za su ba ki."

Na ce wane mutum?

"Oho. Ƙirƙiro shi mana. Kin ƙirƙiri mata ɗari biyu da talatin da tara, namiji ɗaya ne zai gagare ki?"

Na yi dariya. Ita ma ta yi, sai kuma ta fara kuka, ni ina kallonta. Ta ce ita ce banza, tana ganina kullum da ido a zurme ba ta taɓa cewa kawo rabin fom ɗin in je miki ba. Ta ce ko dai in rubuta musu gaskiyar inda nake a sati shidan nan na fita kasuwa, duk mai zuciya zai sassauta.

Na ce ba zan sa Mama a takardar kwamiti ba.

"Don me?"

Ban sani ba. Ba zan sa ta ba dai.

Alhamis, 11:00 na safe

Ban je makaranta ba. Na share falo. Na share tsakar gida. Na sake share falo.

Alhamis, 4:50 na yamma

An ba mu sati shida na fita kasuwa. A kwana na biyu muka tafi asibiti ni da Mama da jaka ɗaya, don an ce kwana uku ne. Yaya na da cikin wata tara a wani gari. Baba na hanya. Fom ɗin na cikin jakata, duk safiya ina cewa gobe zan fita ko awa biyu ne. Gado na shida, kusa da taga. Kujerar roba mai tsagaggen hannu. Na iya canza zanin gado da mutum a kai. Na iya gane takun kowace nas.

Mama ce ta ce kawo takardar taki in zama ta farko, kada a ce ban taimaka ba. Muna tambaya ta goma sha shida aka zo ɗibar jini. Ta ce mu ƙarasa anjima.

Akwai fom na neman ƙarin lokaci a ofishin sashe. Shafi ɗaya ne. Na karɓa har sau biyu. Akwai layin da aka rubuta dalili, da ɗigo-ɗigo a gabansa. Na kasa cika layin nan. Gani nake in na rubuta, ya tabbata.

Bayan an gama komai, masu ta'aziyya sun watse, saura kwana tara a miƙa. Na sa kwamfuta ta ba ni lambobi, na zauna a teburin cin abinci ina kwafa. Kwana shida. Na san maganar sifili da biyar, wallahi na sani. Amma a kaina wannan datti ne da ake gogewa daga bayanai, hannuna bai yarda ya rubuta datti da gangan ba. Kuma ban iya barin tambaya ba amsa. Duk wadda na fara sai na kai ta ƙarshe, har ta talatin.

Gaskiya ita ce kwana shidan nan su ne mafi sauƙi a duk shekarar. Ba wadda ta yi tari a cikinsu.

Juma'a, 10:10 na safe

Na gwada shawarar Rediyo. Na ba shi suna, na ba shi tsawo, na ba shi babur. Na kai rabin shafi. Da na karanta sai na ga dattijon nan mai murza hula na rubuta. Na yaga.

Asabar, 1:00 na rana

Na bi ta kasuwa. Rumfar Mama na nan, wata ce a ciki tana sayar da takalma. Maƙwabciyar rumfar ta hango ni ta taso da hannu a buɗe. Na yi kamar ana kirana a waya na juya.

Daga gida zuwa can minti ashirin da shida ne, in ba ka tsaya da kowa ba.

Lahadi, 6:00 na yamma

Na rubuta. Layi huɗu.

Ni na cika fom ɗari biyu da talatin da tara da hannuna. Ban je kasuwa ko ɗaya ba. Ba wanda ya taya ni, ba wanda ya sani. Fom mai lamba ɗaya na gaske ne.

Litinin, 12:20 na rana

Malam ya karanta a tsaye. Ya juya bayan takardar ko akwai ci gaba.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Ƙawarki ta zo nan ɗazu. Ta yi magana minti arba'in, ban samu na sa baki ba." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ashe mai fom na ɗaya mahaifiyarki ce, ni kuwa na tambaye ki ko ta yi tafiya. Ki yafe min wannan."

Na ce ba komai, Malam.

"Me ya hana ki zuwa ki gaya min? Ƙofar nan a buɗe take. Da wata uku zan ba ki."

Na ce na karɓi fom ɗin neman ƙarin lokaci.

"To?"

Na ce akwai layin dalili.

Ya ce zai faɗa wa kwamiti da bakinsa, tunda ni na ƙi. Na ce yadda ya gani.

Ban ji haushin Rediyo ba. Na nema, babu.

Talata, 8:30 na safe

Shayi kofi ɗaya. Na lura sai bayan na sha.

Laraba, 5:00 na yamma

Yaya ta kira tana tambayar wane launi za mu saka ranar yaye ɗalibai. Na ce duk wanda ta zaɓa. Jaririn na ta ihu, ta ce bari ta kira anjima.

Na goge rigar da zan saka gobe.

Alhamis, 2:00 na rana

Mutum biyar a dogon tebur, da ruwan roba a gaban kowa. Kwalina a tsakiya. Minti goma sha takwas.

Shugabar ta karanta layi huɗuna da ƙarfi. Wani mai gemu daga sashen shari'a ya tambaya ko na san girman abin. Na ce na sani. Ya ce a fanninku in lamba ta yi ƙarya ai ba abin da ya rage. Na ce haka ne. Wata ta tambaya ko ina nadama. Na ce e. Na ji yadda ya fito, kamar ana tambayata ko na ci abinci. Ta rubuta wani abu.

Malam ya nemi in fita kafin ya yi magana. Na tsaya a baranda. Ta taga ina ganin bakinsa na motsi, ya ɗaga fom ɗaya sama. Shugabar ta karɓa ta karanta, ta ɗan yi murmushi a wani wuri, na san wurin. Sai ta daina.

Juma'a, 11:45 na safe

Ba kora. An soke furojek. Dakatarwa zango ɗaya, sannan in sake daga farko, sabon bincike, sabon malami. Zai shiga fayil ɗina. Sunana ba ya cikin na bana.

Sakatariya ta ba ni wasiƙar a ambulan, yau ta ɗago kai. Ta ce akwai wani abu a ciki da Malam ya ce a saka. Ban buɗe a gabanta ba. Na san nauyin takarda biyu.

Rediyo ta ce wannan ai nasara ce, mu gode wa Allah. Na gode. Ta riƙe min hannu har tasha tana ta magana, ban san a kan me ba.

Juma'a, 3:30 na yamma

Na kira matar kamfanin da kaina. Na faɗa mata duka, har da sunan da suke kiran abin.

Ta ce, "Kin san ba zan iya ba ki wannan kujerar ba."

Na ce na sani, Anti.

"Ba bana ba, ba baɗi ba. Kowa a wannan aikin ya san kowa."

Na ce na sani.

Ta ce yaya aka kama ki? Na gaya mata. Ta ce kai, ta ja numfashi. Ta ce Allah ya kyauta, ta ajiye.

Asabar, 9:00 na safe

Baba zai iso da yamma.

Asabar, 12:00 na rana

Zai iso da yamma.

Asabar, 6:20 na yamma

Na bari ya ci abinci. Na bari ya wanke hannu. Sannan na ajiye wasiƙar a kan hannun kujerarsa na zauna a ƙasa.

Karatunsa a hankali yake, da yatsa. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Ban gane ba. Kin faɗi ne?"

Na ce a'a, Baba. Ƙarya na yi. An aike ni in tambayi mata ɗari biyu da arba'in, ban je ba, na zauna a teburin can na amsa musu.

"Duka?"

"Ban da ɗaya."

"Aikin fa?"

"Babu."

"Bikin?"

"Babu ni a ciki."

Na jira faɗa. Na shirya masa tun safe, har na san inda zan kalla. Ya ninke wasiƙar biyu, ya sake ninkewa, har ta ƙi ninkuwa.

"Yaushe ne aka ce ki je kasuwar?"

Na faɗa masa watan.

Ya gyaɗa kai. Ya kalli hannunsa.

"Sau biyu na zo asibitin nan," ya ce.

Na ce na sani.

"Sau biyu na shigo. Sau biyar na zo." Ya share baki da tafin hannu. "Ukun ina ajiye mota a tsallaken titi, wajen masu lemo. Ina ganin tagar. Ranar nan har na hango ki kina shanya tawul. In zauna awa ɗaya, awa biyu, in tayar da mota. In kira ki daga gaba in ce kaya sun riƙe ni. Mai motar ya ce in ɗauki wata guda, ni na ce a'a. Ba na iya ganinta a haka. Na ce ai kina nan, ke mai ƙarfin zuciya ce."

Na tuna kiran. Na tuna ina cewa ba komai Baba, ka tuƙa a hankali.

"Da na zauna ko sati biyu ne, da kin je kasuwarki."

A nan abin ya zo. Wata biyu da rabi ina jira in ji wani abu, na ɗauka kuka ne zai zo. Haushi ne. Ya taso tun daga cikina har kunnuwana suka yi zafi. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, kuma haushin ya fi yawa.

Ya ɗago yana kallona. Na san abin da yake jira, kalma biyu ce, na faɗe ta ga kowa a watannin nan, har ga Malam.

Ban ce "ba komai" ba. Shi ma bai ce min "ba komai" a kan nawa ba.

Can ya ce, da wata irin murya, "Ɗayar da kika tambaya, wace ce?"

Na tashi na ɗauko ambulan, fom ɗin Mama na ciki.